Yadda na bi sawun tsofaffin fayilolin laburaren da muke zana cif da su

A ɗakin gwajin da nake koyarwa a nan Yamai akwai wani dosiye mai suna lib_labo. Duk ɗalibin da ya fara darasin zana cif, wato pus kamar yadda muke cewa a baka, wannan dosiyen yake fara kwafewa a kilensa na USB. A cikinsa ake ɗaukar tubalan ginin da'ira, irin ƙofofin NAND da NOR da masu juya sigina da masu riƙe bit guda. Kowane tubali yana da fuska fiye da ɗaya: fayil ɗin .lib shi ke faɗin jinkirin da tubalin ke yi da wutar da yake ci, .lef yana faɗin girmansa da inda ƙafafunsa suke, .gds kuma shi ne ainihin zanen da masana'anta za ta buga a kan silikon. Shekara da shekaru muna amfani da dosiyen, babu wanda ya taɓa tambayar daga ina ya fito, ni ma haka na gaje shi. Abin da ya tono maganar shi ne wani ƙaramin zane na mai ƙirga da UART, wato hanyar aika bayani bit-bit ta waya, da muka so aikawa Tiny Tapeout, shirin da ke haɗa ƙananan zane-zane da yawa a buga su a cif guda. A kwamfutarmu Yosys, manhajar da ke haɗa da'ira daga tubalai, da OpenSTA mai auna lokacinta sun ce da'irar za ta gudu da agogon nanosakan 10, har da rara. Da aka gina ta a GitHub da kwafin SKY130 na shirin, wato buɗaɗɗun kayan zane na masana'antar SkyWater waɗanda mu ma da su muke zane, sai rahoto ya nuna makara. Da farko ban damu ba, domin lissafin da ake yi kafin shimfiɗa wayoyi kullum yakan fi daɗin gani. Amma da na jera rahotannin biyu na ga tubali iri ɗaya, da kaya kusan iri ɗaya a bakinsa, namu ya fi sauri nesa ba kusa ba. Wannan ba laifin waya ba ne.

Na buɗe fayil ɗin da muke kira labo_typ.lib. Layin farko ya ce sunan laburaren labo_typ, wanda ba sunan da wata masana'anta za ta raɗa ba ne. Ƙasa kaɗan sai ga nom_voltage 1.95, nom_temperature kuma digiri 40 ƙasa da sifili. Yanayin zafi da bolt da saurin taransista da aka auna tubalai a kai shi ake kira kusurwa, kuma duk wanda ya san SKY130 ya san kusurwar tsakiya ita ce tt_025C_1v80, wato digiri 25 da bolt 1.80. Wadda ke gabana kusurwar sauri ce, ff_n40C_1v95, an sa mata rigar ta tsakiya. Ke nan a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40 sama, mu muna auna da'irorinmu kamar suna cikin ƙanƙara. Gano wannan bai ɗauke ni minti 10 ba. Abin da ya hana ni barci shi ne sauran fayilolin, sama da 3,000, waɗanda ban san ko ɗaya ba. Tsintacciyar mage ba ta mage. Na ƙudura sai na san silsilar kowane fayil, wa ya karɓa daga wa, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi.

Kuskuren farko da na yi shi ne na ɓata kwana biyu ina nazarin kwanan watan fayilolin da ke kilena. Banza ne. Kile mai tsarin FAT32 ba ya riƙe sunan mai fayil, ba ya riƙe mahaɗin da ke nuni zuwa wani fayil, lokacinsa da sakan bibbiyu yake tafiya, kuma agogon garin da aka rubuta shi yake ɗauka ba tare da faɗin wane gari ba ne. Umarnin cp idan ba a sa masa -p ko -a ba, ranar kwafi yake mannawa. Wasu fayilolin ma 1 ga Janairu 1980 suke nunawa, wanda shi ne farkon ƙirgar FAT. Sai na tambayi dattijon da ke kula da ɗakin gwajin tun kafin zuwana ko tsohuwar kwamfutar da aka fara ajiye dosiyen tana nan. Ya ce, "Malam, tana sito tun da aka kawo sabbi, amma ba a fiddo ta sai da takarda." Na rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban sashe ranar Litinin, na saka lambar kayan da ke manne a jikin kwamfutar, domin in babu lambar sakatariya za ta maido maka da takardarka. Shugaban ya yi tafiyar aiki, aka jira kwana 8. Ya sa hannu ranar Alhamis da yamma, Juma'a kuwa rabin yini ce, mai riƙe da makullin sito ya riga ya wuce masallaci kafin in iso da takardar fitar da kaya. Sai wata Litinin ɗin na ɗauko ta, ƙura ta toshe fankarta kamar an yaɓa laka.

Ban kunna ta ba, kuma kada kowa ya kunna irinta. Batirin CR2032 da ke riƙe agogonta ya daɗe da mutuwa, tana tashi za ta fara rubuta kwanan watan ƙarya a kan duk abin da ta taɓa. Na cire diskin na hau kabu-kabu zuwa Katako, na sayo wayar haɗa SATA da USB mai nata cajin a kan jika 7, da diskin waje na tera 1 a kan jika 35, duk daga aljihuna, har yau ina jiran a biya ni. Da ddrescue na ɗauki hoton diskin gaba ɗaya. Na zaɓe shi a kan dd ne saboda yana rubuta taswirar inda ya tsaya, kuma hakan ya yi rana: sau biyu wuta na ɗaukewa, batirin ajiyarmu kuwa minti 20 kacal yake riƙewa, amma duk lokacin da ta dawo aikin daga inda ya tsaya yake ci gaba. Diskin giga 500 ya ci yini da rabi saboda wasu wurare da suka lalace. Na ɗauki tambarin yatsan hoton da sha256sum, wato lambar da ake lissafawa daga cikin fayil wadda ke canzawa ko bit ɗaya aka taɓa, na rubuta shi a littafi da biro, na maida diskin asali sito, sannan na ɗora hoton a matsayin na karatu kawai, da -o ro. Daga nan duk abin da na yi, a kan kwafi na yi shi.

A wannan diski mai tsarin ext4 abubuwan da kile ya shafe duk suna nan. Umarnin ls -l da --time-style=full-iso ya nuna masu fayiloli uku daban-daban da zuwan kaya a lokuta huɗu masu nisa da juna, find da -type l kuma ya fito da mahaɗai da dama da suka mutu, suna nuni zuwa hanyoyin da babu su a injin. Mataccen mahaɗi shaida ne mai daraja, domin hanyar da yake nunawa tana ɗauke da sunan dosiyen da aka baro. Abin da ya fi kowane amfani shi ne tsofaffin ƙunshin tar.gz, wato fayilolin da aka ɗaure wuri ɗaya aka matse, da na samu a dosiyen ɗaya daga cikin masu amfani da injin. Ƙunshin tar yana adana sunan mai fayil da lokacin gyaransa na injin da aka ɗaure shi, tar -tvf zai nuna maka su ba sai ka kwance ba, umarnin file kuma yakan faɗi sunan farko da ranar gyaran ƙarshe na fayil ɗin da aka matse da gzip. Na lissafa tambarin kowane fayil na jera su, sai na ga kusan rabin dosiyen maimaici ne, abu ɗaya da sunaye biyu ko uku. Aikin ya ragu da rabi tun kafin in fara shi.

Mataki na gaba rarraba tubalan ne bisa kamanninsu, domin kowane laburare yana da tsagen gidansu. Mai juya sigina a SKY130 sunansa sky130_fd_sc_hd__inv_1, a laburaren jami'ar jihar Oklahoma INVX1, a na Nangate INV_X1, a sxlib na manhajar Alliance kuwa inv_x1 da ƙananan baƙaƙe. Sai dai suna ana iya canza shi da umarnin sed guda ɗaya, don haka na fi dogara da awo. A fayil ɗin LEF layin SITE yana faɗin faɗi da tsawon gurbin tubali: na SKY130 mai cunkoso 0.46 ne da 2.72 na maikuromita, na Nangate 0.19 da 1.4. Filin da .lib ya rubuta dole ya yi daidai da girman da .lef ya faɗa. Mai juya siginar SKY130 faɗinsa 1.38, a ninka da 2.72 a samu 3.7536, kuma abin da .lib ɗinsa ya rubuta ke nan. Idan lissafin bai hau ba, to fayilolin biyu ba ƴan gida ɗaya ba ne, ko da dosiye ɗaya suke kwana. A GDS lambobin shimfiɗa ne tsagen: a SKY130 ƙarfe na farko 68/20 ne, li1 67/20, poli 66/20. A nan na gano wani ƙaramin dosiye da ɗalibai ke ɗauka na SKY130 ne saboda shi ma bolt 1.8 yake nunawa, alhali osu018 ne na jami'ar jihar Oklahoma, da ke zuwa tare da manhajar qflow, tubalansa tsawonsu maikuromita 10. Kama da wane ba ta wane. Akwai wani tarkon kuma a ma'auni: .lib na SKY130 da fikofarad yake auna kaya, na Nangate da femtofarad, bambancin ninki 1,000 ne. Wanda ya rubuta set_load, umarnin faɗin kayan da ke bakin tubali, da lamba ɗaya ga duka biyun zai samu rahoto mai kyan gani wanda ba shi da ma'ana.

Da na raba su gida-gida sai na nemi shaidar da ta fi kama, wato fayil ya yi daidai da na asali har bit na ƙarshe. Umarnin git hash-object yana ba da lambar da git, manhajar adana tarihin fayiloli a rumbu, ke sanin fayil da ita, idan kuma kana da rumbun da kake zargi, git log da --all da --find-object zai kai ka ga komit ɗin, wato gyaran da aka ajiye a tarihi, da ya shigo da shi. Ga waɗanda ban san rumbunsu ba na je Software Heritage, taskar da cibiyar Inria ta Faransa ta buɗe a 2016, wadda ake iya tambaya da tambarin fayil. Ta taƙaita yawan tambayar da baƙo zai yi cikin awa guda, gara mutum ya buɗe asusu tun farko. Zagayen farko fayilolin Alliance ko ɗaya bai fito ba, har na fara zargin an taɓa su. Ashe wani ya bi da su ta Windows, ƙarshen layukansu ya koma CRLF, wato alama biyu maimakon ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya canza tambari. Da na wuce da kwafinsu ta dos2unix, mafi yawansu suka fito. Waɗannan su ne dattawan dosiyen, fayilolin .ap da .al da .vbe na sxlib daga ɗakin binciken LIP6 na Paris, awonsu da lamda ne ba da maikuromita ba, tsawon tubali lamda 50. Fayil ɗin .ap yana ɗauke da kwanan watansa a layi na biyu na cikinsa, inda kwafi ba ya taɓawa. Abu ɗaya da za a kiyaye: taskar tana tabbatar maka cewa fayil ya taɓa fitowa fili a wani wuri, amma wannan ba shi ne lasisi ba. Lasisin sai ka je rumbun asali ka karanta.

Fayilolin GDS na SKY130 sun ƙi fitowa ta wannan hanya, kuma dalilin ba ya nufin an ɓata su. Tsarin GDSII yana rubuta kwanan wata a cikin jikin fayil, a rikodin BGNLIB na laburare da BGNSTR na kowane tubali. Duk wanda ya buɗe fayil a manhajar zane irin Magic ko KLayout ya sake ajiye shi ya canza tambarinsa, ko da bai motsa layi ɗaya ba. Waɗannan kwanakin ma a yi hattara da su, domin wasu manhajoji shekara cikakkiya suke rubutawa, wasu daga 1900 suke ƙirgawa, wasu kuma sifili suke zubawa da gangan. Hanyar da ta dace ita ce a gwada zane da zane. KLayout yana zuwa da strmxor, wanda ke ɗora fayiloli biyu a kan juna ya fitar da inda suka saɓa kawai. Namu sun fito fanko, ma'ana zanen bai canza ba.

Shi kuwa labo_typ.lib, wanda ya jawo duk wannan wahala, ba zai taɓa fitowa a binciken tambari ba, kuma na ɓata yini guda kafin in fahimci dalili. A rumbun da Google da SkyWater suka buɗe a 2020 ba a ajiye manyan fayilolin .lib a haɗe ba. Bayanin lokaci na kowane tubali yana cikin nasa fayil ɗin .lib.json, wani shirin Python ne ke harhaɗa su lokacin gini, sannan open_pdks na Tim Edwards ya shirya su a dosiyen sky130A. Ke nan fayil ɗin haifaffe ne, ba ajiyayye ba. Da na ƙirga tubalan cikinsa da grep sai na ga sun gaza, alhali cikakken laburaren ya haura 400. Babu clkbuf, babu decap, babu tap, babu lpflow, kuma a gurbin kowane ɗaya akwai ɗan sharhi da ke cewa an cire shi. Wannan aikin OpenLane ne, manhajar da ke jan aikin cif daga haɗa da'ira har zuwa zane: kafin ya miƙa wa Yosys laburare yakan yanke tubalan da ke jerin no_synth.cells, ya ajiye sakamakon da sunan trimmed.lib a dosiyen wucin gadi na wannan gudun. Wani ya tsinci fayil ɗin wucin gadi ya mai da shi laburaren makaranta. Saura tambaya ɗaya, me ya sa kusurwar sauri, tunda OpenLane da ta tsakiya yake haɗa da'ira in ba a ce masa komai ba.

Amsar tana ɗakin karatu. Sunan mai fayil ɗin a diski ya yi daidai da na wani ɗalibi da ya gama ƴan shekaru baya. Na je neman kundin kammala karatunsa, Hajiyar da ke kula da wurin ta ce kundaye ba a aro, sai dai a karanta a nan, kuma na wannan shekarar suna cikin kwali ba a jera su ba. Ta karɓi katina ta ce in dawo jibi. Na dawo, ta ajiye mini shi a kan tebur. Babi na uku gwaji ne na haɗa da'ira ɗaya da kusurwoyi uku don a ga bambancin girma da sauri, kuma na ƙarshe a jerin shi ne ff. A ƙunshin tar ɗinsa na sami config.tcl inda LIB_SYNTH, saitin laburaren da za a haɗa da'ira da shi, ke nuni zuwa fayil ɗin ff, da kuma fayil ɗin PDK_SOURCES da OpenLane ke bari a dosiyen gudu, ɗauke da lambar komit ɗin open_pdks da aka yi aikin da shi. Na samu lambar wayarsa ta hannun wani abokin karatunsa, yanzu yana aiki a Tahoua. Kwana 3 kafin ya amsa, da saƙon murya: "Malam, wallahi ni don gwajina na yi shi. Da zan tafi aka ce in bar wa ƴan baya abin da za su yi aiki da shi, na ɗauki na gudun ƙarshe na canza mishi suna don rubutun darasi ya gane shi." Na ce masa babu komai, ƙanena, ka ma taimaka da ka bar ƙunshin. Laifin namu ne da muka karɓa ba mu buɗe ba.

Maganarsa ta sa na zama jiyau, ni kuwa ganau nake son zama. Da lambar komit ɗin na sauko da wannan sigar ta SKY130 daidai. A da manhajar volare ake amfani da ita wajen wannan, bayan rufe kamfanin Efabless a 2025 aikin ya koma hannun ciel, umarnin dai kusan iri ɗaya ne. Saukarwar ɗaruruwan mega ce, ta katse mini sau uku da rana, sai da na bari bayan sha biyun dare, kuɗin intanet na wannan makon ya kai jika 5. Tunda namu yankakke ne, gwada su layi-layi kai tsaye da umarnin diff shirme zai fitar. Sai na rubuta ɗan shirin Python mai layi 30 da ke ƙirga bakan buɗewa da na rufewa, ya ciro kowane tubali daban, ya share sararin da ba shi da amfani, ya ɗauki tambarinsa. Duk tubalan da ke cikin namu sun yi daidai da na ff_n40C_1v95 na wannan siga, bambancin sunan laburare ne kawai. Wannan dabara ta tambarin tubali-tubali ita ce abin da ya fi amfani a duk aikin, kuma da ita na fara da na rage mako guda.

Akwai wani dosiye da na bari sai ƙarshe saboda ba mu da manhajar buɗe shi. Cikinsa fayiloli ne irin layout.cdb da prop.xx, wato tsohon tsarin CDB na kamfanin Cadence, wanda aka bari aka koma OpenAccess tun fitowar IC 6.1. Fayil ɗin cds.lib rubutu ne zalla, layukan DEFINE da INCLUDE nasa suna nuni zuwa hanyoyin wata babbar kwamfuta da ba tamu ba. Akwai kuma ragowar fayilolin kulle masu ƙarewa da .cdslck, waɗanda manhajar ke bari idan ta mutu ba a rufe ta ba, kuma suna ɗauke da sunan mai amfani da sunan injin. Sunan injin na wata jami'a ne a Turai. Da na buɗe fayilolin samfurin taransista sai ga fasahar maikuromita 0.35 mai bolt 3.3, a goshin kowanne an rubuta cewa sirrin masana'anta ne, ba a bayarwa sai da yarjejeniya. Gabana ya faɗi, domin wannan dosiye yana cikin kilen ɗalibai da yawa, kuma saura ƙiris mu ɗora lib_labo gaba ɗaya a GitHub tare da zanenmu. Wani malami ne da ya yi karatu can ya taho da shi da kyakkyawar niyya, ya kuwa daɗe da barin aiki. A nan na tsaya da karatu. Ban aika tambarinsu ko'ina ba, ban kwafe su ba. Na rubuta wa shugaban sashe rahoton shafi ɗaya da jerin sunayen fayilolin da hanyar da suka shigo. Ya kira ni buro ya tambaya ko ba za a iya riƙe su don koyarwa kawai ba. Na ce, ranka ya daɗe, yarjejeniyar da waccan jami'a aka yi ta, ba da mu ba, kuma ko mun riƙe ba mu da lasisin manhajar da ke buɗe su. Ya sa hannu a cire su daga dosiyen da kwamfutocin ɗaki, aka sanar da ɗalibai su goge nasu. Wasiƙar da muka aika wa jami'ar don sanar da su ta samu amsa bayan mako 5, layi biyu, sun gode sun ce a goge.

Duka aikin ya ci mako 7, amma kwanakin da na zauna gaban kwamfuta ba su wuce 12 ba, sauran jira ne. Wanda zai yi irinsa ya fara da takardar sito tun ranar farko, ya yi nazarin cikin fayiloli yayin da take yawo a buro, kada ya ɓata lokaci kan kwanan watan kile. Ya nemi tsofaffin ƙunshin tar kafin komai, ya kuma karanta layi 50 na farkon kowane .lib da idonsa. Idan tambari bai dace ba kada ya yi saurin cewa an ɓata fayil, ya fara duba ƙarshen layi, da kwanan watan cikin GDS, da ko fayil ɗin haifaffe ne. Mutane kuma a neme su bayan an riƙe shaida a hannu, domin tambayar "ka tuna daga ina wannan ya fito?" ba ta samun amsa, amma "na ga config.tcl ɗinka yana nuni zuwa ff" tana samu. Idan ya ci karo da kalmar sirri a goshin fayil, wannan ya tashi daga aikin injiniya ya koma na shugaban sashe.

Yanzu lib_labo babu shi. A madadinsa akwai rumbun git ƙarami wanda ba ya ɗauke da laburare ko ɗaya, sai fayil mai suna ASALI da ke faɗin rumbun da kowane kaya ya fito, lambar komit, lasisi, Apache 2.0 ga SKY130, da tambarin sha256 na kowane fayil da darasi ke karantawa. Kwafin SKY130 guda ɗaya ne a babbar kwamfutar ɗaki, an hana rubutu a kansa, ɗalibai daga nan suke ɗauka ta wayar cikin gida don kada kowa ya ƙona kuɗin intanet. Rubutun darasi yana duba tambarin kafin ya fara, yana kuma buga zafi da bolt na kusurwar a saman kowane rahoto. Alliance da osu018 mun bar su a dosiye daban don darasin tarihin fasaha. Fayiloli biyu ne suka gagare ni, duka .db, wato .lib da aka narka zuwa tsarin Synopsys wanda ido ba ya karantawa. Umarnin strings bai ba ni abin kamawa ba, mai su a diski root ne, wato asusun mai cikakken iko da injin, kuma babu wanda ya tuna da su. Suna cikin dosiye mai suna ba_a_sani_ba, babu rubutun da ke taɓa su. Zanen mai ƙirgar kuwa mun sake auna shi da kusurwar jinkiri, ss_100C_1v60, muka maida agogonsa nanosakan 20, ya wuce.